Baƙuwar Kalma a Tsakiyar Labari: A Buɗe Ƙamus, A Wuce, Ko A Yi Mata Alama?

Duk wanda ya taɓa riƙe littafin ƙagaggen labari a harshen da bai gama iyawa ba ya san wannan hali: labari ya ɗauko daɗi, an zo daidai inda ake ɗokin jin abin da zai faru, sai wata kalma ta tsaya ƙyam a gaba kamar jakin da ya ƙi motsi a tsakiyar gadar Binuwai. Abin da mai karatu zai yi a wannan ɗan lokaci ƙarami ne a ido, amma idan aka tara shi sau dubbai a cikin shekara, shi ne yake raba wanda ya gama littattafai goma ya fita da kalmomi a baki da wanda ya ajiye littafinsa na farko a shafi na 40 bai sake komawa ba.

A nan Garwa da ke arewacin Kamaru, haka ma Marwa da Ngaundere, lamarin ya fi na sauran wurare sarƙaƙiya, domin ɗan Bahaushe yakan tashi da Hausa a gida, ya yi ciniki da Fulatanci a kasuwa, ya yi karatun boko da Faransanci, a koya masa Ingilishi a matsayin harshen hukuma na biyu, sannan ya je Islamiyya ya tarar da Larabci. Na daɗe ina karantar da yara Faransanci da yamma a zauren gidanmu, kuma tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga waɗanda suka fara karanta labarai don raɗin kansu ita ce yadda za su yi da kalmomin da ba su sani ba. Hanyoyin da na ga ana bi uku ne. Wani yakan tsaya ya duba ƙamus a kan kowace kalma. Wani yakan yi hasashen ma'ana daga abin da ke kewaye da kalmar ya ci gaba. Wani kuma yakan ɗiga mata fensir ya wuce, sai ya kai ƙarshen babi ya dawo mata.

Kafin a auna su, akwai aikin da ya kamata a fara yi, wanda mutane kaɗan ne suke yinsa, shi ne ƙidaya. A buɗe shafi ɗaya a tsakiyar littafin, ba na farko ba, domin marubuta sukan yi wa shafin farko ado fiye da kima, a ƙirga kalmomin da ba a sani ba. Paul Nation, wani masanin koyon harshe a jami'ar Victoria da ke birnin Wellington, ya bayyana a shekarar 2006 cewa mai karatu yana bukatar ya san kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya karanta shi ba tare da taimako ba, kuma a harshen Ingilishi hakan na nufin sanin tushen kalmomi tsakanin 8,000 zuwa 9,000 ga mai son karanta labari. Idan shafi yana ɗauke da kalmomi 300, kashi 98 na nufin baƙin kalmomi 6 kacal. Idan suka kai 15, an sauko kashi 95, inda har yanzu ana iya bin labarin amma da ɗan ɗingishi. Idan suka kai 30, wato ɗaya cikin kowace goma, to maganar zaɓen hanya ba ta taso ba tukuna, littafin ne ya fi ƙarfin mai shi a yanzu, kuma babu abin kunya a mayar da shi a ɗauko wanda ya fi sauƙi. Na sha ganin yaro ya zargi ƙwaƙwalwarsa, alhali laifin na zaɓen littafi ne.

Hanyar farko, ta tsayawa a kan kowace kalma, tana da falalar da ba za a ƙwace mata ba: ma'anar da aka samu daidai take, kuma mai karatu yana ganin sauran ma'anonin kalmar, da jinsinta, da yadda ake furta ta. Ga ɗalibin da aka ba wani yanki na shafi biyu ya yi nazarinsa domin jarrabawar sakandare ta BEPC ko Bakaloriya, babu wata hanya da ta kai ta, domin a can ana tambayar dalilin da ya sa marubuci ya zaɓi wannan kalma ya bar waccan, kuma hasashe ba ya amsa irin wannan tambaya. Haka kuma ta dace da babin farko na kowane littafi, saboda kowane marubuci yana da kalmomin da ya fi so, kuma wurin da labari ke gudana yana da nasa kalmomi da za su riƙa dawowa har ƙarshe. Wahalar da aka sha a shafuka 20 na farko tana sauƙaƙa sauran 200.

Matsalarta tana fitowa ne idan aka ce da ita za a bi littafi sukutum. Mu ɗauka neman kalma ɗaya a ƙamus na takarda, da karanta bayaninta, da komawa a gano inda aka tsaya, yana cin minti guda. Littafi mai shafi 200 da ke da baƙin kalmomi 15 a kowane shafi zai bukaci tsayawa sau 3,000, wato awa 50 na duba ƙamus kaɗai, ban da karatun kansa. Ba mutane da yawa ne ke da wannan haƙurin ba, kuma ko da akwai shi, zaren labarin yana tsinkewa, har mutum ya kai ƙarshen sakin layi ya manta wanda ke magana a farkonsa. Wani abin da ya fi wannan muni shi ne, kusan rabin kalmomi daban-daban da ke cikin dogon labari sau ɗaya tak suke fitowa. Mai bin wannan hanya yana ba kalmar da ba zai sake gani ba a wannan littafi daidai lokacin da yake ba kalmar da za ta fito sau 30. A labaran Faransa na ƙarni na 19, alal misali, akwai sunayen keken doki iri-iri, ga *fiacre*, ga *calèche*, ga *cabriolet*, kuma yaron Garwa da ya ɓata rabin awa yana rarrabe su ya yi asarar rabin awarsa, tunda sanin cewa abin hawa ne da doki ke ja ya ishe shi bin labarin.

Hanya ta biyu, ta hasashe, ita ce wadda kowa ya bi ya koyi harshen uwarsa, domin babu jaririn da aka taɓa ba ƙamus. Ƙarfinta yana cikin yawa. Wanda bai tsayawa yana karanta ninkin abin da mai tsayawa ke karantawa sau da dama, don haka yana haɗuwa da kalma guda a wurare daban-daban, a bakin mutane daban-daban, har ma'anarta ta zauna masa tare da abokan tafiyarta. Irin wannan sani ya fi na ƙamus zurfi, saboda mai shi yakan ji a jikinsa cewa wannan kalma ta tsofaffi ce, waccan ta zagi ce, wata kuma ba a faɗinta sai a rubuce. Hasashe kuma yana yin kyau ne gwargwadon sanin da mai karatu ya yi wa duniyar labarin. Djaïli Amadou Amal, wadda aka haifa a Marwa, ta ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a Faransa a 2020 da labarin da ya shafi auren dole da zaman kishi a gidajen arewacin Kamaru, kuma na lura 'yan matanmu suna ratsa Faransancinta da sauƙin da ba sa samu a littattafan da suka fi shi sauƙin kalmomi, don kawai sun san yadda tsakar gida take, sun san abin da uwargida za ta ce da abin da amarya za ta haɗiye. Idan ka san abin da ya kamata ya zo a gurbi, baƙuwar kalmar da ta zauna a wurin ta riga ta faɗi rabin sunanta.

Sai dai masu yabon wannan hanya sukan ɓoye rauninta guda biyu. Na farko, abin da aka tsinta ta hasashe ba ya daɗewa sai an maimaita haɗuwa da shi sosai. A wani bincike da Rob Waring da Misako Takaki suka wallafa a 2003, sun ba ɗalibai a Japan wani sauƙaƙan labari na Ingilishi mai ɗauke da sababbin kalmomi 25, bayan wata uku kuma suka tarar a tsakaice ma'anar kalma ɗaya ce kawai ta rage musu, sannan kalmomin da suka fito ƙasa da sau takwas duk sun gudu. Wanda ke karanta littafi ɗaya a shekara ba zai tara komai ta wannan hanya ba. Ta masu karatu kullum ce. Na biyu, hasashen da ya kauce ba ya sanar da mai shi cewa ya kauce. Wani ɗalibina ya daɗe yana fahimtar *il resta interdit* a matsayin an hana mutumin wani abu, domin ya saba ganin *interdit* a jikin bango da allunan hanya, alhali a labari ma'anarta mutumin ya daskare don mamaki, ya rasa ta cewa. Haka *sans doute*, wadda a ido take cewa babu shakka, amma a yawancin amfani tana nufin mai yiwuwa ne. Waɗannan sun fi baƙin kalmomi haɗari, tunda fuskarsu sananniya ce, babu wanda zai tsayar da su ya tambaye su.

Hanya ta uku ita ce nake bai wa mafi yawan masu tambayata, kuma ba don tana tsakiya ba, sai don ta raba aiki biyu da ba sa haɗuwa a lokaci guda, kamar yadda ba a tauna taura biyu a baki. Lokacin karatu, ana karatu ne kawai, da fensir a hannu, duk kalmar da ta tsaya a ɗiga mata ɗan ɗigo a gefen layi, a yi mata hasashe, a wuce. Idan littafin na aro ne, sai a sa 'yar takarda a ciki a riƙa rubuta lambar shafi da kalmar. Bayan an kai ƙarshen babi, ko washegari da safe kafin zafin rana ya taso, sai a koma kan ɗige-ɗigen. Abin mamaki a nan shi ne, da yawa daga cikinsu sun riga sun warware kansu, domin shafukan da suka biyo baya sun fayyace su. Sauran kuma idan aka duba su a ƙamus, ana dubawa ne da hasashe a hannu, ko dai a ga an dace a ji daɗi, ko a ga an kauce a yi dariyar kai, kuma dukkan biyun suna sa kalma ta liƙe fiye da yadda za ta liƙe da an karɓe ta a sama. Togaciya ɗaya ce: idan kalma ta tare labarin gaba ɗaya, har ba a san ko mutumin ya mutu ba ne ko ya suma, to a duba ta nan take.

Amfanin wannan hanya mafi girma shi ne tana ba mutum damar tankaɗe da rairaya. Ba duk kalmar da aka ɗiga ba ce ta cancanci a rubuta. Ni dai ma'aunina shi ne, kalmar da ta samu ɗigo sau uku a littafi ɗaya ta nemi a san ta. Bayan ita sai aikatau da kalmomin haɗa zance, irin su *néanmoins* da *quoique* da *désormais*, domin su ne ke juya ma'anar jimla, kuma suna bin mai karatu daga littafi zuwa littafi har zuwa takardar jarrabawa. Sunayen furanni da tufafin da aka daina sawa su ne na ƙarshe a layi. Kalmomi biyar zuwa takwas a zama ɗaya sun isa. Wanda ya ce zai kwashi 40 yau, jibi ba zai kwashi ko ɗaya ba. Rauninta a fili yake, tana bukatar a dawo, kuma na ga littattafai masu yawa cike da ɗige-ɗigen da masu su ba su taɓa waiwaya ba. Wanda ya san halinsa ke nan, gara ya rage dogon buri, ya ce kalma uku zai duba a kowane babi, ya kuwa duba su.

Faransancin labari yana da wani tarko na musamman da ke sa ko mai son duba ƙamus ya dawo hannu rabbana. Marubuta suna ba da labari da wani sigar lokacin da ya wuce wanda kusan ba a jin sa a bakin kowa a kan titi. Yaro zai ga *il naquit* ko *elle vécut* ko *il dut*, ya nema a ƙamus bai gani ba, saboda an ajiye su a ƙarƙashin *naître* da *vivre* da *devoir*. Waɗannan ba sababbin kalmomi ba ne, tsofaffin sanayya ne da suka canza riga, kuma maganinsu littafin sarrafa aikatau irin Bescherelle, inda zama biyu ko uku a kan aikatau kamar 20 da suka fi yawan fitowa zai kawar da wani babban kaso na abin da ake zaton baƙin kalmomi ne. Sannan duk sunan da za a rubuta, a rubuta shi da *le* ko *la* ɗinsa, domin *le voile* mayafi ne, *la voile* kuwa ƙyallen jirgin ruwa, *le tour* zagaye, *la tour* hasumiya. Jinsin Hausa ba ya taimako a nan, har ma yakan ruɗar: rana mace ce a wurinmu, a wurinsu *le soleil* namiji ne, wata kuma da muke ɗauka namiji su sun mai da shi *la lune*.

Sai maganar ƙamus ɗin kansa, na takarda ko na waya. Waya ta fi sauri nesa ba kusa ba, tana gane *naquit* ta kai ka ga asalinsa, kuma tana furta kalma a ji, wanda ba ƙaramin abu ba ne a harshen da ake rubuta haruffan da ba a faɗa. Duk wanda ya koyi kalma da ido kaɗai ya san kunyar ranar da ya fara faɗinta a gaban mutane. Amma wayar da ke ɗauke da ƙamus ita ce ke ɗauke da WhatsApp, kuma wanda ya ɗauke ta don duba kalma ɗaya yakan farga bayan minti 20 yana amsa gaisuwar biki. Ga kuɗin data, ga caji a watannin zafi da wuta ke yawan ɗaukewa. Idan da waya za a yi, a sauke ƙamus da ke aiki ba tare da intanet ba, a kashe data lokacin karatu. Na takarda kuwa jinkirinsa ne aibinsa, shi ne kuma amfaninsa, domin yana hana mutum duba abin da bai kai a duba ba, kuma ido yakan faɗa kan maƙwabtan kalmar ya ga danginta. Ga mai bin hanya ta farko waya ta fi, tunda ita kaɗai za ta rage awa 50 ɗin nan. Ga mai bin ta uku, na takarda ya wadatar. Tsakanin manyan ƙamusoshin Faransanci biyu da aka fi sani, Petit Larousse da ya fara fitowa a 1905 yana da hotuna da sashen sunayen mutane da wurare, Petit Robert na 1967 kuma ya fi zurfafa bayanin kalma, da furucinta da kalmomi masu kama da ita da misalai daga marubuta. Mai karatun labari Robert ya fi yi masa amfani, ɗan sakandaren da ke son littafi ɗaya da zai yi masa komai kuwa Larousse. Manhajar fassara irin Google Translate, wadda aka sa Hausa a cikinta tun 2013, ba ƙamus ba ce. Idan aka ba ta kalma ita kaɗai takan miƙo ma'ana guda, wadda ba lallai ta zama ta cikin labarinka ba, don haka in za a yi amfani da ita a ba ta jimlar gaba ɗaya.

Duk abin da ya gabata yana sauya fuska idan littafin na Hausa ne, kuma a nan ne na fi son in daɗe. Yaranmu suna zaton tunda Hausa suke yi a gida ba su da baƙuwar kalma a cikinta, sai ranar da littafi ya zo daga Kano ta hanyar Yola ko Mubi, ko suka ɗauki ɗaya daga cikin tsofaffin labaran da suka fito daga gasar da aka shirya a arewacin Nijeriya a 1933, sannan su ga cewa Hausar da ta zauna cikin Fulatanci da Faransanci ta bar abubuwa da yawa a hanya. Yaron da ke cewa lekol zai gane makaranta, amma madugu da ayari da zango, ko lifidi da sulke da likkafa, ko azara da shigifa, sai ya yi tsuru-tsuru. Ƙamusoshin Hausa masu nauyi kuma yawancinsu ta Ingilishi suke bi: na Bargery na 1934, wanda yake nuna karin harshen da kalma ta fito kuma yanzu ana samunsa a intanet, da na Abraham na 1949, da na Paul Newman na 2007. Wanda ya yi boko da Faransanci sai ya bi ta harshe na uku kafin ya kai ga nasa. Akwai ƙaramin ƙamus na Hausa zuwa Faransanci da Abdou Mijinguini ya fitar a Yamai a 1987, akwai kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 da ke bayani da Hausa zalla, wanda shi ne ya fi dacewa da mu in an same shi.

Ko an samu ƙamus, rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti da tsayin wasali, don haka gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, haka kuka na hawaye da kuka ta miya, haka wuya na jiki da wuya ta wahala. Labaran da ake turawa ta waya kuma sun ƙara dagula lissafi, tunda da yawa ba sa sa ƙugiya, sai ka rasa ko baki ake nufi ko baƙi, balle ka san inda za ka nema. Saboda haka a littafin Hausa hanya ta farko ba ta da wani ƙarfi, ta biyu tana aiki sosai domin ginin jimla duk sananne ne, ta uku kuwa tana samun wani ƙamus da Faransanci ba shi da shi a garin nan, wato tsofaffi. Na taɓa kai wa wata gwaggona kalmomi shida da na ɗiga a wani labarin aure. Ta ce, "Kai ɗan nan, duk karatun naka ba ka san gara ba?" Daga nan ta shiga lissafa abin da ake kaiwa, da wanda ke kaiwa, da ranar da ake kaiwa, da abin da dangin miji za su ce in ta yi kaɗan, ta kuma gyara mini furucin biyu daga cikin shidan. Babu littafin da zai ba ni wannan a layi uku. Kayan doki kuwa, wanda ya tsaya kusa da barga ranar hawan Salla a ƙofar Lamiɗo ya tambayi mai kula da dawaki, zai ga linzami da ragama da likkafa da idonsa, ba zai sake rikita su ba.

Ga 'yan'uwanmu na Injamena a ƙasar Chadi da ke karanta labarai da Larabci, Larabcin kasuwa yana taimaka musu wajen hasashe, haka ma ɗimbin kalmomin Larabci da ke cikin Hausa, amma duba ƙamus ya fi tsada a wurinsu, domin manyan ƙamusoshi irin su Munjid suna jera kalmomi ne bisa tushe, sai an tuɓe wa kalma ƙarin da aka yi mata an gano baƙaƙenta uku kafin a same ta. Wannan kaɗai ya isa ya sa tsayawa a kowace kalma ya zama azaba, ya kuma ƙara wa jinkirtawa zuwa ƙarshen babi daraja.

Bayan an duba kalma, ina za a ajiye ta? Kusan kowa littafin rubutu yake saya, ya ja layi a tsakiya, kalma a hagu ma'ana a dama. Yana da arha, ba ya ɓata, kuma yana da filin da za a kwafe jimlar da aka tsinci kalmar a ciki, abin da nake ganin ya fi ma'anar kanta muhimmanci, domin kalmar da aka raba da jimlarta kamar kifin da aka fitar daga ruwa take. Aibinsa biyu ne: ido yana ganin amsa kafin ƙwaƙwalwa ta nema, kuma jerin ba ya canzawa, sai mutum ya haddace cewa wannan tana bin waccan ba tare da ya san kowacce ita kaɗai ba. Kati ya magance duka biyun. A yanka kwali ƙanana, jimla a gaba da layi a ƙarƙashin kalmar, ma'ana a baya, a riƙa cakuɗa su. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko sannan ta lafa, kuma a 1972 Sebastian Leitner ya gina tsari a kan haka: katin da aka ci ya matsa zuwa akwati na gaba da ake dubawa jefi-jefi, wanda aka faɗi ya koma akwatin farko da ake dubawa kullum. Manhajar Anki tana yin wannan lissafi da kanta, kyauta ce a wayoyin Android, kuma tana aiki ba data. Wanda ya yi makarantar allo ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin gardi bai taɓa wanke allo ya ce ya gama da abin da ke kai ba, sai ya yi ta tishi, sabon karatu kullum, tsoho lokaci-lokaci. Littafin rubutu ma zai iya yin rabin wannan aiki idan aka rufe gefen dama da tafin hannu, aka kuma fara daga ƙasa wata rana, daga tsakiya wata rana.

Ɗalibin da jarrabawa ke gabansa, ya tsaya a kowace kalma a yankunan da aka ba shi nazari, ya ɗiga fensir a sauran littafin, ya yi kati. Ma'aikaci ko 'yar kasuwa da ke karatu da dare don hutawa, wadda baƙin kalmominta ba su wuce shida a shafi ba, ta bar ƙamus a kan tebur ta yi ta karatu, ta duba kawai wadda ta dame ta sau uku. Mai karanta Hausa ya tara tambayoyinsa ya kai wa kakarsa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. A zaurenmu kuwa na ƙara wa yaran sharaɗi ɗaya da babu shi a cikin hanyoyin uku: duk ranar Asabar kowa zai zo da kalma biyu daga karatunsa na mako, ya sa su a jimlar da ta shafi unguwarmu, ya faɗa da ƙarfi a gaban sauran. Makon jiya wata yarinya ta ce mai shayin bakin layinmu *resta interdit* da ya ga an biya shi bashin bara.